Ta ina zan fara da rumbun takardun Somaliyawa na intanet?

Tambayar da wani ɗalibi ya aiko: "Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a tarihi, kuma ina son in kwatanta gwagwarmayar Sayyid Muhammad Abdullah Hassan na Somaliya da turjiyar da aka yi wa Turawa a ƙasar Sakkwato, wato Sarkin Musulmi Attahiru da Satiru. An nuna min wani rumbun takardu na intanet na wata jami'a a Italiya mai suna Archivio Somalia, na shiga na yi ta sacin, wato buga kalma a akwatin nema, amma ko dai ba abin da ke fitowa ko kuma ya fito da yaren da ban iya ba. Sufabaizana ya ce in ba ni da takardun asali gara in canza maudu'i. Don Allah ta ina zan fara, kuma wannan rumbun kaɗai zai ishe ni?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. In na fahimce ka da kyau abu biyu kake tambaya, na farko me ya sa sacin ɗinka ba ya kawo komai alhali an ce maka rumbun cike yake da kaya, na biyu kuma ko za a iya gina digiri sukutum a kan abin da ke cikinsa. Na biyun amsarsa a gajarce a'a, shi kaɗai ba zai ishe ka ba, amma don Allah kar ka canza maudu'i, domin takardun asali kan Sayyid da mayaƙansa Daraawiish suna nan jibge har sai ka gaji da karatu, matsalar dai a warwatse suke a ƙasashe daban daban da harsuna aƙalla huɗu, kuma mafi yawansu waɗanda suka yaƙe shi ne suka rubuta su. Ni a sashen takardun tarihi na laburaren jami'a nake aiki, kuma abin da zan gaya maka shi ne abin da nake gaya wa duk ɗalibin da ya zo min da maudu'i kan yankin ƙahon Afirka.

Me ya sa takardun suke waje

Sai ka fara sanin yadda aka yi kayan suka watse kafin ka san inda za ka neme su. A ƙarshen ƙarni na 19 an raba ƙasar da Somaliyawa ke zaune gida biyar. Ingila ta kama gaɓar arewa, su Berbera da Zeila, tun daga 1884, Italiya ta kama kudu da gabas, Faransa ta kama inda yake Jibuti yanzu, Habasha ta riƙe Ogaden, sannan akwai yankin arewa maso gabashin Kenya. Kowace gwamnati a cikinsu ta yi rubuce-rubucenta da harshenta ta kwashe ta kai babban birninta. Abin da ya rage a gida kuma, bayan samun 'yanci a 1960, aka tara a Mogadishu a laburaren ƙasa da gidan tarihi da cibiyar nazarin kimiyya da al'adu, toh da gwamnatin Siad Barre ta faɗi a Janairun 1991 aka wawashe waɗannan wurare, abin da ba a sace ba aka lalata. Hargeysa kuma tun 1988 jiragen gwamnati suka yi mata luguden wuta. Kaga kenan abin da ya tsira galibi kwafin da wani ya fita da shi ne, ko malamin jami'a Bature, ko ɗan gudun hijira da ya cusa littattafai da kaset a jaka.

Shi Archivio Somalia daga nan ya samo asali. Cibiyar nazarin Somaliya ce ta jami'ar Roma Tre ta haɗa shi, kuma mutanen da suka ɗauki nauyin aikin irin su Annarita Puglielli da Cabdalla Cumar Mansuur masana harshe ne da suka yi aiki da Jami'ar Ƙasa ta Somaliya kafin yaƙin basasa. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka inda ƙarfinsa yake, wato harshe, adabi, waƙa, littattafan da aka buga a Mogadishu a shekarun 1970 da 1980, maƙaloli, hotuna da murya. In kana neman rahoton soja na 1903 ba nan ne gidansa ba. In kana neman waƙoƙin Sayyid da yadda Somaliyawa da kansu suka rubuta tarihinsa, toh ka zo wurin da ya dace, kuma wannan ɓangaren shi ne ɗalibai suka fi rasawa, don haka kar ka raina abin da ka samu.

Akwai kuma maganar rubutu da dole ka riƙe a kai. Somaliyanci bai samu tsayayyen rubutun hukuma ba sai ranar 21 ga Oktoba 1972, lokacin da gwamnati ta zaɓi haruffan boko. Kafin nan malamai suna rubuta shi da haruffan Larabci, abin da suke kira rubutun wadaad, daidai da ajaminmu, sannan akwai rubutun Osmanya da Cusmaan Yuusuf Keenadiid ya ƙirƙira wajen 1920, da wasu guda biyu da ba su yaɗu sosai ba. Sayyid ya fara yaƙinsa a 1899 ya rasu a ƙarshen 1920, ma'ana kusan duk takardar da aka rubuta yana raye za ka same ta ne da Larabci ko Turanci ko Italiyanci ko Amhariyanci. Wasiƙunsa da Larabci ya rubuta. Waƙoƙinsa kuwa a kan mutane suka zauna, akwai mahaddata da aikinsu kenan su ɗauke baiti baiti su kai wani gari ba tare da sun canza kalma ba, sai bayan shekaru da dama aka zo aka rubuta.

Dalilin da ya sa sacin ɗinka yake dawowa wayam

Nan ne kusan kowa ke makalewa, kuma ba laifin rumbun ba ne. Ka rubuta Muhammad Abdullah Hassan, shi kuma wanda ya shigar da littafin cikin katalog ya rubuta Sayid Maxamed Cabdulle Xasan, kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne. A rubutun Somaliyanci harafin c yana tsayawa ne a madadin ainun na Larabci, x kuma a madadin ha mai fitowa daga maƙogwaro, shi ya sa Ali ya zama Cali, Umar ya zama Cumar, Hasan ya zama Xasan, Ahmad ya zama Axmed. Wasali mai tsawo kuma ana ninka shi. Da zarar ka riƙe wannan rabin wahalarka ta ƙare. Su kuma Turawan Ingila a takardunsu ba kasafai suke kiran sunansa ba, the Mullah suke cewa, ko kuma sunan ɓatancin nan Mad Mullah, kuma ko ranka bai so ba dole ka buga shi a akwatin sacin in kana son fayilolinsu su fito. Italiyawa il Mullah suke rubutawa, mabiyansa kuma Dervisci, Ingilishi Dervishes, Somaliyawa Daraawiish. A bakin mutanen da ba sa ƙaunarsa za ka ji Ina Cabdulle Xasan, wato ɗan Abdulle Hasan, ba tare da Sayyid ba.

Sunayen wurare sun fi haka rikici. Ganuwarsa da jiragen Ingila suka jefa wa bamabamai a farkon 1920, Somaliyawa suna rubuta Taleex, Turawa Taleh ko Tale. Burco ita ce Burao, Laascaanood ita ce Las Anod, Hobyo ita ce Obbia a takardun Italiya, Nugaal ita ce Nogal, Saylac ita ce Zeila, Majeerteen a wurin Italiyawa Migiurtini, Dhulbahante a wurin Ingilishi Dolbahanta, ita kanta Mogadishu za ka gan ta a matsayin Muqdisho ko Xamar ko Mogadiscio. Abin da nake sa ɗalibai su yi kafin su taɓa kwamfuta shi ne su ɗauki takarda su ja layi huɗu, Somaliyanci, Turanci, Italiyanci, Larabci, duk sunan mutum ko gari ko dangi ko fagen daga da suka ci karo da shi su cike gurbinsa a kowane layi. Takardar nan za ta yi ta tsawo har ka gama digiri, kuma duk rumbun da ka shiga da ita za ka shiga, ka gwada kowane rubutu ɗaya bayan ɗaya. Ka riƙa sa kalma ɗaya ko biyu kawai, kar ka rubuta jimla. Sunan Basomale kuma sunansa ne da na uba da na kaka, babu sunan dangi irin na Turawa, don haka katalog ɗaya zai jera marubuci a ƙarƙashin sunansa na farko wani kuma a ƙarƙashin na kakansa, ga kuma laƙabi da sau da yawa ya fi sunan yanka shahara.

Sannan ka sani da yawan abin da ke cikin irin waɗannan rumbuna hoton shafi ne aka yi sikanin, ba rubutun da kwamfuta ke iya karantawa ba. Wani an bi shi da manhajar da ke ciro haruffa daga hoto, wani ba a bi ba, wanda aka bi ɗin ma in tsohon tafireta ne mai dusasshen tawada ko takardar da aka murza a injin kwafi na da, abin da manhajar ta ciro shirme ne. Don haka in sacin ya ce babu, ba yana nufin babu ba ne, yana nufin kalmar ba ta cikin take ko ɗan bayanin da aka rubuta a katalog. Maganinsa ka bar akwatin sacin ka bi ta jerin marubuta ko shekara ko fanni, ka buɗe littafin ka duba abin da ke ciki da idonka. Yana cin lokaci da data, amma mafi kyawun abubuwan da na taɓa tsinta ta haka na tsince su.

Wa ya rubuta, wa yake rubuta wa

Wannan shi ne abin da na fi so ka tafi da shi. Bari mu ɗauki rana ɗaya, 9 ga Agusta 1913, yaƙin Dul Madoba, inda Daraawiish suka kashe Richard Corfield shugaban rundunar 'yan sandan raƙuma ta Ingila. In ka sa Corfield a sacin za ka samu rahotannin jami'an Ingila da muhawarar majalisar Landan, kuma abin da ya dame su shi ne ko ya saɓa umarnin da aka ba shi na kar ya yi arangama, da nawa za a kashe in aka ce a sake shiga cikin ƙasar, da wa za a ɗora wa laifi. Daraawiish a cikin waɗannan takardu adadi ne kawai, ana ƙiyasta yawansu da yawan bindigoginsu da dabbobin da suka kora. Yanzu ka goge ka rubuta Koofil, yadda Somaliyawa ke kiransa, sai ga waƙar da Sayyid ya yi kan wannan rana, inda yake magana da mamacin kai tsaye yana aikensa lahira ya je ya ba da labarin yadda aka yi da shi. Rana ɗaya, fage ɗaya, amma ɗaya rahoto ne na ma'aikaci zuwa ga ubangidansa yana kare aikinsa, ɗaya kuma makamin yaƙi ne da aka ƙera don ya zaga rijiyoyi da zangon makiyaya ya jawo mutane. Babu wanda aka rubuta don ya gaya maka gaskiya tsagwaronta, kuma wanda ya karanta na farko kaɗai ya rubuta babi kamar alƙali ne da ya saurari mai ƙara ya yanke hukunci wanda ake ƙara na tsaye a waje.

Amma fa kar ka ɗauka ɓangaren Somaliyanci shi ba shi da nasa son rai. Babban diwanin waƙoƙin Sayyid da Aw Jaamac Cumar Ciise ya tattara daga bakin tsofaffi an buga shi a Mogadishu a 1974, shekara hamsin da ɗoriya bayan rasuwarsa, a ƙarƙashin gwamnatin soja da ke buƙatar gwarzon ƙasa guda ɗaya wanda kowa zai taru a kansa, har mutum-mutuminsa a kan doki aka kafa a birnin. Aiki ne mai girma ƙwarai kuma ba don shi ba da an yi asara mai yawa, sai dai ka riƙa tambaya wa ya ba da wannan waƙa, daga wane dangi yake, me aka tsallake. Domin Sayyid ba Turawa da Habashawa kaɗai ya yaƙa ba, ya kai hare-hare kan dangogin Somaliyawa da suka ƙi bin sa, kuma mabiyansa ne suka kashe Shehu Uways na Baraawe, babban shehin Ƙadiriyya, a 1909, shi kuwa Sayyid ɗan ɗariƙar Salihiyya ne. Bayan da Ingila ta janye zuwa gaɓar teku a 1910 ta raba wa dangogi bindigogi aka shiga wani zamani na kashe-kashe da yunwa da har yau ake tunawa da shi da ɗaci. Akwai mawaƙan da suka mayar masa da martani da waƙa, su ma ka neme su. Haka littattafan Turawa masana, Enrico Cerulli ya san harshen ƙwarai amma babban jami'in mulkin mallakar Italiya ne, I. M. Lewis kuma kusan komai ta tagar dangi yake kallonsa, abin da masana Somaliyawa da dama suka yi ta sukarsa a kai. Ka karanta su, ka san kujerar da suke zaune a kai.

Sauran wuraren da za ka leƙa

Ɓangaren Ingila yana da wani abu da ke ruɗa mutane. Daga 1884 zuwa 1898 daga Aden ake mulkin gaɓar Somaliya a ƙarƙashin gwamnatin Indiya, daga nan ta koma hannun ma'aikatar harkokin waje, sai a 1905 ta koma ma'aikatar mulkin mallaka. Ma'ana fayilolin farko suna cikin takardun ofishin Indiya a British Library, kuma wani kaso na waɗannan takardu an ɗora shi kyauta a Qatar Digital Library, da Turanci da Larabci, gwada Berbera da Zeila da Somali Coast a can. Na bayan 1905 suna gidan adana takardun Ingila da ke Kew a jerin CO 535, kuma tunda kwatance kake yi ka rubuta wannan ma, na Arewacin Najeriya CO 446 ne. Katalog ɗinsu kyauta ne a intanet amma yawancin fayilolin kansu ba a ɗora ba, sai ka biya a ɗaukar maka hoto ko ka samu wani da ke karatu a Landan ya shiga ya ɗauko maka da waya, don haka ka yi amfani da katalog ɗin ka tace lambobin da kake buƙata tukuna. Muhawarar majalisar Ingila kuwa, Hansard, duk tana intanet kyauta, haka jaridar gwamnati London Gazette da ke buga rahotannin kwamandoji bayan kowane yaƙi, kuma a nan za ka ga abu mai daɗi ga aikinka, 1903 ɗin da aka ci Sakkwato a Maris aka kashe Attahiru a Burmi a Yuli, a Afrilunta ne Daraawiish suka murƙushe wata rundunar Ingila a Gumburu. Gwamnati ɗaya ce take karɓar rahoton wuraren biyu a lokaci guda.

Ɓangaren Italiya dole ne saboda yarjejeniyar Illig ta 1905, wadda jakadansu Pestalozza ya ƙulla da Sayyid aka ba shi yankin Nugaal, takardun tsohuwar ma'aikatar Afirka ta Italiya suna gidan adana takardun ma'aikatar harkokin wajensu a Roma, amma littattafai da rahotannin da aka buga a lokacin da yawa za ka same su a Internet Archive. Jami'ar Indiana a Amurka tana da Digital Somali Library mai littattafan Somaliyanci sama da ɗari da za ka karanta kyauta, jami'ar SOAS a Landan tana riƙe da takardun B. W. Andrzejewski wanda ya ƙare rayuwarsa kan waƙar Somaliyawa, sannan a Hargeysa akwai cibiyar al'adu da Jama Musse Jama yake jagoranta wadda ta tara dubban kaset. Ka rubuta musu wasiƙa ta imel, gajeriya, ka faɗi sunanka da jami'arka da takamaiman abin da kake nema, ma'aikatan irin waɗannan wurare suna amsawa fiye da yadda ɗalibai ke zato, abin da ba sa amsawa shi ne a turo min duk abin da kuke da shi.

Ga masu karatu da maudu'insu ya fi naka kusa da zamaninmu, ƙorafe-ƙorafen da Somaliyawa suka aika wa Majalisar Ɗinkin Duniya tsakanin 1950 da 1960, lokacin da Italiya ke riƙon amanar kudu, suna laburaren intanet na majalisar da lambar da ta fara da T/PET.11, kuma suna daga cikin wuraren da za ka ji talakawa da 'yan jam'iyya suna magana da kansu. Yaƙin Ogaden na 1977 zuwa 1978 kuma cibiyar bincike ta Wilson Center da ke Amurka ta ɗora takardun Tarayyar Sobiyet da Jamus ta Gabas da aka fassara. Kuma ina jiran ranar da wani ɗalibinmu zai ɗauki labarin birged ta 23 ta sojan Najeriya da ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu 1941, kakanninmu ne da yawa a ciki, kuma rabin labarin yana gidajenmu.

Yadda za ka riƙa aiki da abin da ka samu

Duk takardar da ka buɗe, kafin ka karanta layi ɗaya, ka kwafe sunan rumbun da lambarta da adireshin shafin da ranar da ka gani ka ajiye a fayil guda, sannan ka sauke ta ka canza mata suna zuwa shekara da marubuci da taƙaitaccen take. Na sha ganin ɗalibi ya zo da sikirinshot a waya, magana mai kyau wadda za ta ɗauki babi guda, amma bai san daga ina ya ɗauko ba, shafin kuma an canza masa adireshi, dole aka cire ta daga aikin. Ka riƙa sauke manyan fayiloli in ka samu intanet na makaranta ko da daddare, ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a filashi ɗaya a imel ko Google Drive. Ka duba shafin farko da na ƙarshe na kowane sikanin ka tabbata ba a tsallake shafi ba, ka kuma bambance ranar da aka rubuta abu da ranar da aka buga shi da ranar da aka ɗora shi, don katalog wani lokaci ta ƙarshen yake nunawa. Wasiƙun Larabci da hijiriyya suke zuwa, wannan ba baƙo ba ne a wurinka, takardun Habasha kuma kalandarsu tana bayan ta Turawa da shekara bakwai zuwa takwas.

Maganar fassara, Italiyancin ofis Google Translate yana iya ba ka ma'anarsa daidai gwargwado, ya ishe ka ka gane ko takardar ta shafe ka, amma duk jimlar da za ka ɗauko ka sa a aikinka sai wanda ya iya harshen ya duba. Larabci kuwa nan kake da riba a kan ɗalibai da yawa na Turai, in ka yi makarantar allo da ta ilimi ko kana da malami a unguwa, wasiƙun Sayyid ba za su gagare ku ba, kuma ina ba ka shawara duk inda ka ga fassarar Turanci ta wasiƙarsa a fayil ka nemi asalin Larabcin in yana maƙale, domin tafintan ofis sukan sassauta ko su zafafa, kuma ayoyi da hadisan da ya kafa hujja da su sau da yawa a fassara ake zubar da su, alhali a nan ne kwatancenka da malaman Sakkwato zai yi armashi. Hotuna kuma ka yi hattara, akwai na zamanin mallaka da aka ɗauki mutane, musamman mata, ta hanyar wulaƙanci, kasancewar suna intanet ba izini ba ne na ka liƙa su a aikinka.

Iyakar abin da zan iya maka

Ni mutumin takarda ne, zan iya kai ka ga fayil in nuna maka yadda ake tuhumarsa, amma gabay, wato doguwar waƙar gargajiya ta Somaliyawa, sai mai harshe. Gabay tana tafiya ne da harafi guda da ake maimaitawa a farkon kalmomi tun daga baitin farko har na ƙarshe, cike take da kalmomin raƙuma da rijiya da habaicin dangi waɗanda ko matashin Mogadishu na yau sai ya tambayi dattijo, injin fassara kuwa ko kusa. Ka fara da fassarorin da masana irin su Said Samatar suka yi da sharhi, ka faɗa a fili a gabatarwar aikinka cewa da fassara ka yi aiki a wannan ɓangare, sannan ka nemi Basomale masanin adabi ya duba maka baitocin da ka dogara da su. Akwai kuma muryoyin da rumbunan nan duka ba su ɗauko sosai ba, mata da waƙarsu ta buraanbur, masu magana da Maay a tsakanin kogunan Jubba da Shabeelle, manoman da ake kira Jareer, don haka in ka rubuta Somaliyawa sun ce, ka tabbata ka san waɗanne.

Kan kwatancen kansa, ka yi a hankali da kalmar Mahadi. Satiru a 1906 tawaye ne mai da'awar Mahadiyya, Attahiru sarki ne na daular da ta shekara kusan ɗari ya zaɓi hijira, shi kuwa Sayyid mafi yawan masana sun tafi a kan bai ce shi Mahadi ba ne, shehin ɗariƙa ne da ya gina rundunarsa daga makiyaya ya riƙe ta shekara ashirin da ɗaya. Turawa ne suke da al'adar zuba su a kwando ɗaya saboda tsoron abin da ya faru da su a hannun Mahadin Sudan, kuma wannan tsoron kansa maudu'i ne. Da ni ne kai da na taƙaita aikin zuwa yadda jami'an Ingila suka siffanta malaman da suka yi musu turjiya a wuraren biyu tsakanin 1903 da 1906, da yadda su malaman suka kafa hujjarsu a wasiƙu da waƙoƙi. Da wannan za ka iya komawa wurin sufabaizanka cikin sati biyu ko uku da takardar sunayen nan mai layi huɗu, da lambobin fayil daga CO 535 da CO 446, da muhawara biyu ko uku daga Hansard, da waƙoƙin da ka sauke daga Archivio Somalia da Indiana, sai ka haɗa da abin da za ka samu da ƙafarka a gidan adana takardu na Kaduna da Arewa House. In ka haɗa jerin ka turo min in duba maka kafin ka kai masa.